Gindin taga ma wuri ne: yadda za ki sa kafinta ya yi miki benci mai akwati

Uwargida, duba gindin tagar ɗakinki. A gidaje da yawa a Dutse, daga Takur har cikin gari, wurin nan ba ya tara komai sai takalma da ƙura. Alhali shi ya fi ko'ina haske da iska. Benci ɗaya na katako, mai murfi da akwati a ƙarƙashi, zai ba ki wurin tsintar shinkafa da yi wa yarinya kitso, yara su sami inda za su yi aikin makaranta ko babu wuta, barguna da rigunan sanyi kuma su sami ma'ajiya.

Fara da zaɓen taga. Wadda ta kalli yamma tana shan ranar la'asar, kuma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba mai iya zama a wurin. Ta gabas kuwa ita ke karɓar iskar hadari da feshin ruwa da damina. Idan kina da zaɓi, ɗauki ta kudu ko ta arewa.

Sai awo. Ki ce wa kafinta tsayin benci daga ƙasa ya zama inci 18 har da katifarsa, faɗi inci 18 zuwa 20, tsawo kuma daidai da faɗin tagar. Soso mai kaurin inci 3 ya isa, a ɗinka masa rigar atamfa mai zif, don ƙurar hunturu za ta sa ki yawan wanki.

Wajen katako, kada araha ta ruɗe ki. Ɗanyen katako yana lanƙwashewa ya tsage da zarar iskar hunturu ta busa, shi ya sa aikin rani ya fi na damina ƙarko. Jan katako irin maɗaci ya fi fari jure gara. Idan kuɗin bai kai ba, a yi ƙafafu da firam da ja, a rufe jiki da falankin fari. A shafa maganin gara a tsakar gida, a bar shi ya sha iska kwanaki kafin a shigo da shi. Baƙin man inji da wasu ke shafawa bai dace da abin da yara za su riƙa taɓawa ba. Kuma a bar tazarar yatsa biyu tsakanin benci da bango, don ta jikin bango gara ke hawa.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne lafiyar yara. Benci tsani ne ga mai rarrafe, saboda haka tagar ta kasance da ƙarfe da ragar sauro kafin a kafa shi, musamman a gidan bene. Murfi mai nauyi yana datse yatsu, don haka a raba shi biyu. Yaro kan shige akwati wajen wasan ɓuya: a huda ramukan iska a gefe, kuma kada a sa sakatar da ke kulle kanta. A goge kusurwoyi su yi sumul.

Kafin ki ba da kafin alƙalami, kafinta ya zo ya auna da kansa, ku yi magana a kan irin katako da ranar kawowa a gaban maigida ko wani shaida. Ragowar kuɗi sai kin zauna a kai kin ji bai girgiza ba.