Linzamin harshen jarirai: a duba kafin a yanke

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram ko Tawa, sau da yawa mukan ga mace zaune gaban kayanta, hannu guda na awon hatsi, guda kuma na tallabe da jinjiri a nono. Sai mu ji tana koke: yaron ba ya ƙoshi, ya kama ya saki, kan nononta kuma duk ya tsattsage. Kafin ta rufe baki, maƙwabciyarta ta yanke hukunci: linzami ne, a kira wanzami. To, mene ne wannan linzami, kuma yaushe ya cancanci yanka?

Duk wanda ya ɗaga harshensa gaban madubi zai ga wata ƴar siririyar fata da ta haɗa harshen da ƙasan baki. Kowa na da ita. Matsala na tasowa ne idan an haifi yaro da ita gajera ko mai kauri, har ta ɗaure harshen. Likitoci sun ƙiyasta cewa hakan na samun jarirai 4 zuwa 10 cikin ɗari, kuma ya fi yawa ga maza. Halitta ce tun daga ciki. Ba abin da uwa ta ci ne ya jawo shi ba.

Jinjiri da harshe yake tatso nono. Idan harshen a ɗaure yake, sai ya riƙa datse kan nonon da dasashi. Alamun da za mu lura da su: harshen ba ya wuce dasashin ƙasa, ba ya ɗagawa sama idan yaron na kuka, tsakiyar bakinsa kuma ya lotsa kamar an ja shi da zare. Yaron yakan daɗe yana tsotso bai ƙoshi ba, nauyinsa kuma ba ya ƙaruwa a wurin awo, alhali ya kamata ya maido nauyin haihuwarsa cikin mako 2.

A nan ne hatsarin yake. Uwar da zafi ya isa, ga kuma masu saye na jira, takan fara ba yaro ruwa ko kunu tun bai kai ba, daga nan sai zawo da rama. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce nono zalla ya kamata a ba jinjiri har wata 6.

Sai dai ba kowane ciwon kan nono ne linzami ba. Galibi yadda aka ɗora yaron ne bai daidaita ba, kuma ungozomar asibiti na iya gyara wannan a zama guda. Yara da yawa masu linzami suna shan nono lafiya lau, ba sa buƙatar a taɓa su. A 2024 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ana yawan yi wa jarirai wannan yanka ba tare da buƙata ba.

Idan likita ya tabbatar linzamin ne ke hana shan nono, aikin ƙarami ne. Zai ɗaga harshen, ya datse fatar da almakashin da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Daƙiƙoƙi ƙalilan ne, jinin ɗigo kaɗan, sannan a miƙa yaron ga uwarsa ya kama nono nan take. Yaron da ya girma kuwa, wani lokaci sai an sa shi barci, an yi ɗinki.

Muna girmama wanzamanmu, amma ƙarƙashin harshe wuri ne mai jijiyoyin jini da hanyoyin miyau. Aska ta zarce kaɗan, jinjiri na iya zubar da jinin da jikinsa ba zai jure ba. Ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi ba a tafasa ba kuwa, yana iya ɗauko tetanos, ciwon hanta ko sida. Haka ma tsinke fatar da farce, kamar yadda wasu tsofaffi ke yi.

Akwai kuma masu kai yaro yanka don ya makara bai fara magana ba. Linzami ba ya hana fara magana, kuma ba shi ke kawo i'ina ba. Iyakarsa ya wahalar da furta wasu haruffa kamar "r" da "l". Yaron da ya kai shekara 2 bai fara haɗa kalmomi ba, kunnensa ya kamata a fara aunawa.

Don haka muna kira ga iyaye mata, da mazan da ke biyan kuɗin wanzami: idan nono ya gagara, a rufe rumfa rabin yini, a kai yaro CSI mafi kusa, a duba yadda yake tsotso, a ɗora shi kan sikeli. Cinikin safiya guda ana maida shi gobe. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.