Garwa da Manyan da Suka Bar Suna a Cikinta

Ku da ke tasowa daga Colire da Ray Buba kuna kai kaya kasuwar Garwa, ko kun san irin manyan da suka taka ƙasar nan kafin ku? To, ku kasa kunne.

Kogin Binuwai shi ne ya jawo wa Garwa arziki, shi ne kuma ya jawo mata baƙi, gama a da, da damina jiragen ruwa kan hauro har bakin gari. Wanda ya riƙe Garwa ya riƙe ƙofar ciniki. Jamusawa kuwa sun gane haka.

Ku fara da Lamido Zubairu na Yola. A shekarar 1901 Ingilishi suka ci Yola, amma ya ƙi mika wuya. Ya yiwo gabas, ya tara mahaya, ya kara da Jamusawa kusa da Garwa. Doki da mashi ba su iya da bindiga mai ruwa ba. Ya ja zuwa Marwa, aka sāke karya shi a 1902, a 1903 kuma aka kashe shi yana gudun hijira. Sarki ne mai taurin kai, amma ni ban ga wanda zai ce masa matsoraci ba.

Su Jamusawan ma ba su daɗe ba. Sun haƙa ramuka, sun yi ganuwa, har suka kori Ingilishi a 1914. Amma a watan Yuni na 1915 shugabansu, von Crailsheim, ya ba da gari ga Ingilishi da Faransawa.

Sai ɗan gida, Ahmadu Ahijo. A Garwa aka haife shi a 1924. Ya yi aikin gidan waya, yana buga tangaraho, daga nan ya zama shugaban Kamaru na fari a 1960. Ya yi shekara 22 a kan mulki, Garwa kuwa ta ga alherinsa ƙwarai. A 1982 ya sauka da kansa, ya ba Paul Biya. Ba a jima ba suka ɓata, har kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 1984 yana ƙasar waje. Ya rasu a Dakar a 1989, a can aka binne shi, nesa da bakin Binuwai. In kun zauna da dattawan Garwa, ku tambaye su zancen kabarin nan, za ku ji yadda abin ke ci musu rai.