Minti Goma Bayan Asuba: Yadda Ake Fara Wuridin Kullum

A kasuwa, a ofis, har cikin A-daidaita-sahu, yanzu da wuya ka rasa mai ɗan zoben ƙirga tasbihi a yatsa. Yana ciniki yana dannawa, yana amsa waya yana dannawa. Kafin magariba lamba ta kai dubbai, amma da zarar ɗan acaɓa ya goge shi sai ashar ta ɓarke. Yatsa ya sha aiki, zuciya kuwa tana can wurin bashi da cefane.

Magabata ba su ɗauki zikiri da irin wannan garaje ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u Ulumiddin kan muraƙaba da muhasaba, wani kuma kan tafakkuri. Abin da yake nema shi ne bawa ya zauna ya halarto da cewa Allah yana kallonsa, sannan ya yi wa kansa hisabi. Malaman ɗariƙu suka yanka wa zaman adadi da lokaci. Lazimin Tijjaniyya, alal misali, istigfari ne 100, salatin Annabi 100, hailala 100, safe da yamma, da izinin muƙaddami. Adadin bai taka kara ya karya ba. Inda aka tsananta shi ne alwala, wuri mai tsarki, kame baki daga hira har a idar, da ramawa idan lokaci ya kuɓuce. A ganina nan hikimar take: kaɗan ne, amma ba fashi. Wanda ba ya ɗariƙa ma bai rasa madafa ba, ga Al-Azkar na Imamu Nawawi, ga Hisnul Muslim da ake sayarwa a ƙofar masallatan Juma'a.

To, mai son farawa ya zaɓi lokacin da ba mai nemansa. Ga yawancin magidanta bayan asuba ne, kafin a naɗe darduma. Uwargida da hidimar yara ke jira tun duku-duku gara ta jinkirta zuwa hantsi, idan sun tafi makaranta. A bar waya a wani ɗaki. Kife ta a gefe yaudarar kai ne. A zauna a fuskanci alƙibla, a sassauta numfashi, a riƙa furta lafazin a hankali yadda kunne zai ji.

Sai kuma abin da ke sa mutane da yawa su watsar tun makon farko. Kana kai istigfari na ashirin kuɗin makaranta zai faɗo maka, ga baƙar maganar da wani ya yaɓa maka jiya, har ka fara tsara amsar da ya kamata ka mayar. Wannan ba alamar taurin zuciya ba ce, kowa haka yake farawa. Kada ka yi kokawa da tunanin, kada kuma ka tsine wa kanka. Da ka farga, dawo kan lafazin. Herbert Benson, wanda ya kasance likitan zuciya a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya bayyana a littafinsa na 1975 cewa maimaita kalma ɗaya cikin natsuwa na minti 10 zuwa 20 yana rage saurin bugun zuciya da numfashi, kuma sharaɗin da ya jaddada shi ne wannan dawowar ba tare da fushi ba. Mumini don Allah yake yi, amma jiki ma yana samun rabonsa.

Gargaɗi ɗaya dai: wanda damuwa ta hana shi barci da cin abinci makonni a jere ya ga likita, ya riƙe wuridinsa tare da magani.

Ɗan'uwa mai karatu, fara gobe da istigfari 100 kawai, kuma kada ka ƙara komai a kai sai ka yi wata guda ba fashi.