Matsin Tattalin Arziki: Yadda Wasan Gem Ke Neman Gagarar 'Ya'yan Talakawa A Nima Da Mamobi

Daga wakilinmu a Ankara

A ranar 28 ga watan Nuwamban 2022, Mohammed Kudus, yaron da ya tashi a lungunan Nima, ya zura ƙwallaye biyu a ragar Koriya ta Kudu a gasar cin kofin duniya da aka yi a Katar, inda Gana ta yi nasara da ci 3 da 2. A ranar nan Nima da Mamobi sun ɓarke da sowa har cikin dare. Sai dai kuma a wajajen wannan lokacin ne kuɗin ƙasar, wato sidi, ya yi mummunar faɗuwa, har dala ɗaya ta haura sidi 14 a hannun 'yan canji, alhali a farkon shekarar ba ta wuce sidi 6 da 'yan kai ba.

Waɗannan al'amura biyu sun haɗu a wani wuri da manya ba su cika leƙawa ba, wato gidajen gem da ke zangunan Ankara, babban birnin ƙasar. A can ne yaron Nima ke iya zaɓen ɗan unguwarsu a cikin talabijin ya murza leda da shi, muddin yana da abin biya. To amma tun daga waccan shekara abin biyan ya fara gagara, ga yaran da kuma masu gidajen kansu. Wannan ne ya sa muka bi diddigin lamarin, domin duk da ana ɗaukar sa a matsayin wasan yara, akwai abincin wasu magidanta a cikinsa, akwai kuma tarbiyyar 'ya'yanmu.

Gem a zango ba kayan ɗaki ba ne

A ƙasashen Turai da Amurka, uba kan sayi na'urar gem ya ajiye wa ɗansa a ɗaki. A zango kuwa, inda iyali guda kan cunkushe a ɗaki ɗaya ko ɗaki da falo a gidan haya, ba haka abin yake ba tun asali. Tun zamanin PlayStation 2, wadda kamfanin Sony na Japan ya fitar a shekarar 2000, abin da muka sani shi ne wani matashi ya tara jari ya kama ɗan shago ko kwantena, ya jera talabijin uku ko huɗu da benci, yara su riƙa biya wasa-wasa. Wanda aka cinye ya tashi, wanda ya yi nasara ya ci gaba da zama, sauran kuma su tsaya a baya suna ihu da ba da shawara kyauta.

Da wannan tsari ne na'ura ɗaya ke ɗaukar yaran lungu guda. Wanda ba shi da ko pesuwa ma yana samun kallo, wani lokacin aboki ya ba shi hannu ya buga rabin lokaci. Kasuwar kan buɗe sosai a lokacin hutun makaranta da kuma ranakun sallah, lokacin da kuɗin barka da sallah ke aljihun yara. Wasan ƙwallo ne kan gaba, daga Winning Eleven da PES na kamfanin Konami zuwa FIFA na kamfanin EA, wanda ya sauya suna ya koma EA Sports FC a 2023.

Ke nan idan ana maganar tsadar gem a zango, ba maganar wane ne zai iya sayen na'ura ake yi ba, domin dama ƙalilan ne ke iyawa. Maganar ita ce ko mai shago zai iya ci gaba da buɗewa, kuma ko yaro zai samu canjin da zai miƙa masa.

Komai da dala ake lissafa shi

Babu ko ƙusa ɗaya ta waɗannan na'urori da ake ƙerawa a Gana. Na'urar, da hannuwan da ake dannawa, da faifan wasa, da talabijin, duk daga waje suke shigowa, galibi ta tashar jiragen ruwa ta Tema ko a jakunkunan 'yan'uwanmu da ke dawowa daga Amurka, Ingila, Jamus ko Dubai. Saboda haka duk lokacin da dala ta yi tsalle, su ma sai su bi ta.

Bari mu yi lissafin a fili. An fitar da PlayStation 5 a watan Nuwamban 2020 a kan dala 500. A farkon 2022, wannan ya kama sidi 3,000. Kafin ƙarshen shekarar, lokacin da dala ta kai sidi 14, ya zama sidi 7,000, ba a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. A wajajen ƙarshen 2024, da dala ta kai sidi 16, lissafin ya kai sidi 8,000. Sabon faifan ƙwallo kuwa, wanda ake fitarwa duk shekara a kan dala 70, ya tashi daga sidi 420 zuwa kusan sidi 1,000 a cikin shekarar 2022 kaɗai. A wannan shekarar mafi ƙarancin albashi a Gana sidi 13 da pesuwa 53 ne a rana. Wato ƙaramin ma'aikaci sai ya yi aikin kwana 70 da ɗoriya, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi faifai guda.

Dattawa za su tuna cewa a watan Yulin 2007, lokacin da aka yanke sifili huɗu daga tsohon kuɗi, sabon sidi ya ɗan ɗara dala daraja. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nisan tafiyar da aka yi.

Wani abin da ke ƙara wa lamarin nauyi shi ne, Gana ba ta cikin ƙasashen da Sony ya buɗe wa shagonsa na intanet. Duk mai son sayen wasa ta intanet sai ya yi rajista da sunan wata ƙasa, sannan ya nemi katin dala ko na fam a hannun dillalai, su ma su ɗora tasu ribar. Daga watan Mayun 2022 kuma, tura kuɗi ta waya ya zo da harajin nan na E-Levy, kashi 1.5 cikin ɗari, wanda aka rage zuwa kashi 1 a 2023, kafin a soke shi a watan Afrilun 2025.

Mai shago tsakanin mita da aljihun yara

Bayan dala sai wuta. Masu wannan sana'a ba su manta da shekarun dumso ba, musamman 2015, lokacin da ake ɗauke wuta na tsawon sa'o'i masu yawa, mai janareta ne kawai ke ciniki. Da aka samu sauƙin wannan, sai tsadar wutar ta biyo baya. Hukumar ƙayyade farashin wuta da ruwa ta PURC ta ƙara kuɗin lantarki da kashi 27.15 cikin ɗari a watan Satumban 2022, ta sake ƙara kashi 29.96 a Fabrairun 2023, sannan kashi 18.36 a watan Yunin shekarar. Ƙari uku ke nan a cikin wata goma, ga shagon da talabijin da fanka ke aiki daga hantsi har dare.

Ga kuma haya. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma kowa ya san a Ankara shekara ɗaya ko biyu ake nema a dunƙule. Ga gyaran hannuwa, waɗanda ba sa daɗewa a hannun yara masu zafin dannawa.

Mai sayar da shinkafa ko mai yana iya ƙara farashi, mutane su yi ƙorafi su saya, saboda dole ce. Mai gidan gem ba shi da wannan gata. Abokan cinikinsa yara ne da 'yan koyon sana'a, masu dogaro da canjin da ya ragu daga kuɗin koko da ƙosai ko na waake. A watan Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, a watan ne kuma gwamnati ta dakatar da biyan akasarin basussukanta na waje, kafin Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya ya amince ya ba ta dala biliyan 3 a watan Mayun 2023. A irin wannan yanayi, uwar da ke ba ɗanta kuɗin tara a makaranta ta fara ƙirga shi daidai da abin da zai ci, babu rara. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan mai shago ya ƙara kuɗin wasa, benci ya zama wayam, idan kuma bai ƙara ba, kuɗin mita ya cinye ribar.

Dabarun talaka

Da yake talaka ba ya rasa dabara, masu shagunan da suka tsaya da ƙafarsu sun koma ga gwanjo. Maimakon sabuwar na'ura, sai a nufi Tip Toe Lane da ke Sakul, wato shataletalen Kwame Nkrumah, a nemi tsohuwar PlayStation 4, wadda ta fito tun 2013, ko ma wadda ta girme ta. A can ne kuma masu gyara ke farfaɗo da hannuwan da suka mutu. Akan buɗe wa tsohuwar na'ura kai a loda mata wasanni, a kuma sabunta sunayen 'yan wasa da rigunansu, ta yadda yaro zai ga Kudus a kulob ɗinsa na yanzu a cikin tsohon wasa. Wannan hanya ta saɓa wa ƙa'idar kamfanonin, amma ita ce ta riƙe sana'ar a unguwanni irin namu.

Su ma samari a majalisunsu na shan atayi sukan yi karo-karo su sayi na'ura ɗaya, ko su jira wani ɗan'uwa da ke waje ya turo wadda 'ya'yansa suka gaji da ita.

Daga benci zuwa waya

Inda abin ya fi damun mu shi ne inda sauran yaran suka nufa. Da yawansu sun koma wayar hannu, tasu ko ta iyaye ko ta yayye. A can akwai wasannin da ake saukewa kyauta, irin su Free Fire da Call of Duty Mobile da kuma eFootball, wanda Konami ya mayar kyauta a 2021. To amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Wasan yana cin data, kuma an tsara shi ne yadda zai riƙa kwaɗaita wa yaro sayen 'yan wasa ko makamai da kuɗi na gaske, wani lokacin ta hanyar canki-canka, inda za ka biya ba tare da sanin abin da zai fito maka ba. Tun a 2018 hukumomin ƙasar Beljiyam suka ayyana irin wannan ciniki a matsayin caca.

Gidan gem, duk da surutunsa da ƙorafin da iyaye ke yi cewa yana sa yara gudun makarantar boko da ta allo, wuri ne a bayyane. Mai shagon ɗan unguwa ne, an san iyayensa. Uba na iya zuwa ya kamo ɗansa da hannu, liman na iya sa a rufe lokacin salla, kuma da kuɗi sun ƙare wasa ya ƙare. Waya kuwa tana ƙarƙashin bargo har ƙarfe biyun dare. A cikinta kuma, kusa da wasan ƙwallo, akwai manhajojin cacar ƙwallo, waɗanda ke karɓar kuɗi kai tsaye daga asusun waya. Yaron da ya haddace sunayen 'yan wasan Turai ta hanyar gem, cikin sauƙi zai ɗauka cewa ya san wanda zai ci wasan ranar Asabar.

Dokar caca ta 2006 ta hana wanda bai kai shekara 18 ba shiga harkar, kuma malamanmu ba su gushe ba suna tunatarwa cewa caca haramun ce. Gwamnati ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan abin da ɗan caca ya ciwo a watan Agustan 2023, ta kuma soke shi a Afrilun 2025. Amma wayar da aka yi wa rajista da sunan babba ba ta tambayar shekarun mai riƙe da ita. Wanda ya yi murnar rufe gidan gem a lungunsu, ya duba da kyau kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Sidi ya farfaɗo, amma da sauran rina a kaba

A shekarar 2025 al'amura sun ɗan sassauta. Sidi ya farfaɗo, inda dala ta sauko zuwa tsakanin sidi 10 da 12, hauhawar farashi kuma ta sauka zuwa kashi 9.4 cikin ɗari a watan Satumba. Sai dai saukar hauhawa ba ta nufin kaya sun koma farashinsu na da, tana nufin gudun hawan ne ya ragu. Su kuma kamfanonin ba su tsaya ba: a watan Agustan 2025 Sony ya ƙara dala 50 a kan PlayStation 5 a Amurka, ta koma dala 550, abin da ba a saba gani ba ga na'urar da ta kusa shekara biyar a kasuwa. Idan aka lissafa da sidi 11, ta haura sidi 6,000, wato aikin kwana 300 ke nan ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na shekarar, sidi 19 da pesuwa 97 a rana.

Ina mafita?

Ba mu ce gwamnati ta raba wa yara gem ba, alhali ana fama da kuɗin abinci da na magani. Amma ya kamata a san cewa harkar ta wuce wasa. A nan Ankara akwai kamfanin Leti Arts, wanda Eyram Tawia ɗan Gana da Wesley Kirinya ɗan Kenya suka kafa a 2009, yana ƙirƙirar wasanni daga labaran Afirka. Yaron da ya iya kwance hannun gem ya gyara shi, ya kama hanyar koyon gyaran waya da kwamfuta, idan ya samu mai ɗora shi a kai.

Don haka muna kira ga Asusun Raya Zanguna, wanda aka kafa da doka a 2017, da majalisun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, su duba yiwuwar sanya masu wannan sana'a cikin shirye-shiryen koyar da gyara da ilmin kwamfuta. Masu gidajen gem su ma su haɗa kansu, su tsayar da ƙa'ida: ba yaro mai kayan makaranta a lokacin karatu, a rufe lokacin salla, kuma ba wasa da kuɗi a tsakanin yara. Sarakunan zango da limamai na da rawar takawa wajen tabbatar da hakan.

Ga iyaye kuma, kafin a miƙa wa yaro waya don a huta da rigimarsa, a san abin da ke cikinta, a kuma ɓoye lambar sirrin asusun kuɗi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kuma kawo mana sauƙin rayuwa, amin.