AMFANI DA NAƘASUN DANDALIN GAJIMARE WAJEN AJIYE MANHAJA: MISALI DAGA AGEGE

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi abin da ake kira dandalin gajimare, wato manyan kwamfutocin da wasu kamfanoni ke bayarwa haya ta intanet, su kuma ɗauki nauyin kula da su, domin mai manhaja ya ɗora aikinsa a kai. An ɗauki Agege ta Jihar Legas a matsayin misali domin daɗaɗɗen zango ne na Hausawa, inda Hausa ke cuɗanya da Yarabanci a kullum. Manazarcin da ya naɗi maganganun mutanen wurin, ya gina manhajar ƙamus da su, tilas ya fuskanci tambaya guda: a ina za a ajiye aikin don jama'a su amfana, kuma kada ya salwanta?

2.0 Yadda Dandalin Yake Aiki

Tsarin ya yi kama da na fatoma a zango. Falke kan sauka da shanu ko ya zo sayen goro, fatoma ya ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya sada shi da abokan ciniki, sannan ya karɓi la'ada. Haka dandalin yake: mai manhaja ya kawo aikinsa, kamfani ya tanadi na'ura da wutar lantarki da tsaro, a biya shi gwargwadon abin da aka yi amfani da shi. Kamfanin Amazon ya fara wannan haya a 2006, Google ya fito da App Engine a 2008, wasu kamar Heroku da Microsoft Azure su ma suka shigo fagen.

3.0 Amfaninsa

Amfani na farko shi ne sauke nauyin wuta da na'ura. Wanda ya girke kwamfutarsa a wani shago a Agege sai ya tanadi janareta da mai da na'urar sanyaya ɗaki, in wuta ta ɗauke kuwa manhaja ta tsaya. Na biyu, ba a bukatar jari mai yawa a farko, domin haya ake yi ba saye ba. Na uku, idan masu amfani suka ƙaru daga ɗari zuwa dubu goma, dandalin kan ƙara ƙarfin na'ura da kansa. Bugu da ƙari, cibiyoyin sun matso kusa: Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon kuma ya buɗe wani ƙaramin reshe a Legas a 2023.

4.0 Naƙasunsa

Sai dai kuma, kamar yadda Bahaushe ke cewa, kayan aro ba ya rufe katara. Naƙasu na farko shi ne farashi, domin da dala ake ƙiyasta shi. Kafin watan Yuni na 2023 ana canza dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma, amma a Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan kuɗin haya ya ninka har sau uku ga mai samun naira, alhali aikinsa bai ƙaru ba.

Na biyu, ikon gida na hannun mai gida. Alal misali, a ranar 28 ga Nuwamba, 2022, Heroku ya soke tsarinsa na kyauta, ƙananan manhajojin da masu su ba su koma biyan kuɗi ba suka daina aiki.

Na uku, akwai matsalar hanya. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka tsinke a gaɓar Kodebuwa. Harkokin bankuna da dama a Nijeriya suka sami tangarɗa, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Manhajar da ke ajiye a Turai tana iya kasancewa lafiya lau, amma mai nemanta daga Agege ya kasa kaiwa gare ta.

Na huɗu ya shafi amana. Muryar mahauci a mayankar Oko-Oba ko ta 'yar kasuwa bayani ne na mutum, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 kuwa ta gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da irin wannan zuwa ƙasashen waje.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa dandalin gajimare yana sauƙaƙa isar da aiki ga jama'a, amma ba rumbun gado ba ne. Saboda haka ya kamata cibiyoyin nazarin harsuna su yi hayarsa don baje manhaja, su kuma riƙe asalin sauti da rubutu a ma'ajiyar jami'a, cikin tsarin Unicode da zai kiyaye ɓ da ɗ da ƙ, ta yadda za a iya sauya masauki a duk lokacin da hali ya canza. Ana iya sake gina manhaja, amma muryar dattijon da ya riga mu gidan gaskiya ba ta sake naɗuwa.