Daga Bakin Murhu Zuwa Kujerar Manaja: Nazarin Sauyin Matsayin Kuku a Gidajen Abinci

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda kuku ke zama manaja a gidajen abinci na biranen ƙasar Hausa. Ta nuna cewa wannan hawa sauyin sana'a ne ɗungurungum, domin ƙwarewar da ta ɗaga mutum a bakin murhu daban take da wadda za ta riƙe shi a kujerar shugabanci.

1.0 Gabatarwa

Kalmomin "kuku" da "manaja" duk aro ne daga Ingilishi. Ta farko ta shigo ne a zamanin mulkin mallaka, lokacin da maza suka fara girki don albashi a gidajen Turawa. A gargajiyance, sayar da dafaffen abinci galibi na hannun mata masu tuwo-tuwo ne, nama kuwa na hannun mahauta a ƙarƙashin Sarkin Fawa. A shekarar 1959, M. G. Smith ya bambanta karda, wato sana'ar gado, da shigege, wadda mutum ya shiga da kansa. Aikin kuku shigege ne, don haka bai gaji wani tsani na hawa matsayi daga al'ada ba.

2.0 Tsanin Aiki

Tsanin da manyan otal-otal ke bi ya samo asali ne daga Turai. Bafaranshen nan Auguste Escoffier (1846-1935) ya karkasa kicin gida-gida, kowane sashe da shugabansa, duk a ƙarƙashin babban kuku. Abin lura shi ne, da ya kama aiki a otal ɗin Savoy na Landan a 1890, César Ritz ne manaja, shi kuwa yana riƙe da kicin. A ƙananan gidajen abinci na Kano ko Zariya, tsanin ya fi gajarta: yaro kan fara da wanke-wanke da yankan albasa, ya zama mataimaki, sannan kuku. Idan ubangida ya ga yana da amana, sai ya danƙa masa makulli da cefane.

3.0 Abin da ke Sauyawa

Na farko shi ne lissafi. Kuku yana auna nasara da harshe, manaja kuwa da alƙalami. Misali, idan cefanen faranti ɗaya ya ci naira 1,000 aka sayar da shi 1,500, ɗari biyar ɗin da ta rage ce za ta biya haya da gas da man janareta da albashi. Ciniki kan yi kyau, gida kuma yana durƙushewa a ɓoye.

Na biyu shi ne mutane. Sabon manaja zai umarci waɗanda jiya suke ci a kwano ɗaya da shi, wasu ma sun girme shi. Hausawa kan ce, "Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe." Kunya kan hana shi tsawatarwa, idan kuma ya tsananta a ce ya samu wuri.

Na uku shi ne hukuma. Shi zai fuskanci duba-gari da masu karɓar haraji, ya kuma san dokokin ƙwadago, ciki har da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka zartar a Nijeriya a 2024.

4.0 Kammalawa

Ubangidan da ya ɗaga kuku don ladan hannunsa kawai, ba tare da horo ba, yana iya yin biyu-babu: tukunya ta rasa gwaninta, kujera ba ta samu mai ita ba. Ya kamata a fara koya wa kuku riƙe littafin sito da tsara aikin ma'aikata tun yana bakin murhu, ya kuma horar da magajinsa kafin ya ajiye ludayi.