Kwaramniyar Ƙofar Mota

Mu da muke bin hanyar gargada mun san kwaramniyar nan ta cikin ƙofar mota. Ko tsohuwar Peugeot ce irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ko sabuwar mota, dalilan kusan ɗaya ne.

Da fari mu kwashe tarkacen aljihun ƙofar. Sa'an nan wani ya tuƙa sannu, wani ya riƙa danna marfin cikin ƙofar da tafin hannu. Inda ƙarar ta ɗauke, nan maɓallan robar da ke riƙe marfin suka karye saboda zafi da jijjiga. In kuwa ƙarar ta sāke sa'ad da aka sauke gilashi rabi, robar da gilashin ke bi ce ta cinye.

Mu kwance sukurori, mu ɓamɓare marfin daga ƙasa, mu sa sababbin maɓallai, mu manna soso inda ƙarfe ke bugun ƙarfe. Kada mu yaga ledar ciki, gama ita ke tare ruwan damina.

Amma lalle mu duba siririn ƙarfen da ya haɗa hannun ƙofa da makulli. In ya zame, ƙofar ba za ta buɗu daga ciki ba ran hatsari, ga yara a baya. Wannan gyara ba ya jiran gobe.